Albert Bierstadt da kasuwar zanensa a gwanjo

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Bala, yau Albert Bierstadt za mu tattauna, Bajamushen da ya yi suna da zana duwatsun Amurka.

Malam Bala: Haka ne. A Solingen ta Jamus aka haife shi a 1830, iyayensa suka yi ƙaura da shi New Bedford ta Amurka yana ɗan ƙarami. Ya koma Jamus ya koyi zane a Düsseldorf, a 1859 ya bi ayarin masu safiyo na Frederick Lander zuwa yammacin Amurka. A can yakan yi ƙananan zane da fentin mai a kan takarda, in ya dawo New York ya fitar da manya daga cikinsu. Zanensa na tsaunin Lander dala 25,000 aka saye shi a 1865.

Hadiza: Amma tun yana raye kasuwarsa ta faɗi.

Malam Bala: Yayi ya juya masa baya. A 1889 ma aka ƙi kai zanen ɓaunarsa baje kolin duniya na birnin Paris. Ya rasu a 1902, sai ga shi a 2008 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da zanensa na masu kamun kifi da mashi sama da dala miliyan 7.

Hadiza: To Malam, mai son taya, me zai fara dubawa?

Malam Bala: Wurin da aka zana. Zanensa na kwarin Yosemite da duwatsun Rocky na Amurka sun fi na Turai daraja nesa ba kusa ba. Sannan ki juya bayan zanen. In an manna masa sabon ƙyalle da zafin guga, tudun fentin yakan kwanta, farashi ya sauka. A haska fitilar ultrabayolet, duk inda aka yi faci da sabon fenti zai fito baƙi-baƙi. Faci a sararin saman da ya zana ya fi ɓata kaya, don hasken saman nan ake saye.

Hadiza: Sa hannunsa fa, da yake haɗe A da B?

Malam Bala: Kowa na iya kwaikwaya. Takardun da ke nuna hannayen da zanen ya bi su ne madogara.

Hadiza: Ga kuma la'ada, wadda mai saye ke ɗorawa a kan kuɗin da aka buga guduma.

Malam Bala: Ƙwarai, ki lissafa ta kafin ki taya. Shi kuma mai kaya, in ya tsuga farashin sallamawa ba a kai ba, zanen ya yi kwantai a bainar jama'a, dillalai kan ba shi shawara ya ajiye 'yan shekaru kafin ya sake fito da shi.