Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Kai Kayan Tarihin Masar Landan da Berlin?

Masu sauraro barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta yau daga wani ɗalibi take da ke karatu a Landan. Ya ce ya leƙa gidan tarihi na British Museum, ya tarar da ɗakuna maƙil da gumaka da akwatunan gawar mutanen Masar na dā. Shi ne yake tambaya, yaya aka yi kayan nan suka baro ƙasarsu, kuma me ya hana a mayar da su?

To malam, ba hanya ɗaya suka biyo ba. Mu fara da dutsen nan mai duhu da ke cikin gilashi, wanda kullum za ka ga jama'a sun yi masa cincirindo da wayoyi, wato Dutsen Rosetta. Sojojin Faransa ne suka tsince shi a 1799 kusa da garin Rashid, lokacin da Napoleon ya mamaye Masar. Da Ingila ta ci su da yaƙi a 1801 sai ta karɓe shi, kuma tun 1802 yake Landan. Sanarwar sarki ce guda ɗaya aka rubuta a kansa da rubutu iri uku, ciki har da Girkanci, kuma da taimakonsa masanin nan Bafaranshe Champollion ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822.

Labarin wanda ke Berlin, babban birnin Jamus, ya fi sarƙaƙiya. Mutum-mutumin kan Sarauniya Nefertiti, ayarin Bajamushe Ludwig Borchardt ne ya tono shi a Amarna a 1912. A zamanin, raba abin da aka tono ake yi tsakanin Masar da baƙin da suka yi aikin, shi ya sa Jamus ke cewa rabonta ta ɗauka. Misirawa kuwa na zargin an ɓoye wa jami'in da ya duba rabon ainihin darajarsa. Shi kansa jami'in, ku ji fa, Bafaranshe ne, don a lokacin Faransawa ke riƙe da hukumar kayan tarihin Masar.

Akwai na kyauta. Wurin bautar Dendur da ke New York, Masar ce da kanta ta ba Amurka a 1965, tukwicin taimakon ceto kayan tarihi daga ruwan madatsar Aswan. Akwai kuma sata tsagwaronta, irin akwatin gawa mai ruwan zinare na Nedjemankh, wani malamin addinin Masar na dā, wanda gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saya kusan dala miliyan 4 a 2017. Da ta bayyana takardunsa na bogi ne, sai aka mayar da shi a 2019.

Me ya hana sauran komawa? Doka. Ta Ingila ta 1963 ta hana British Museum fitar da kayan da ke hannunsa sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba kuma ba ta waiwayar abin da aka kwashe kafin ta. Sai tsohuwar hujjar nan, wai kayan sun fi samun tsaro a Turai. Ni dai a ganina ta yi rauni ƙwarai. A 2023 British Museum ya amsa cewa kayansa kusan 2,000 sun ɓata, ko an sace, ko sun lalace. Ga shi kuma Masar ta buɗe katafaren gidan tarihinta kusa da dalar Giza a Nuwamban 2025, inda aka baje kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 wuri ɗaya. Zahi Hawass, tsohon ministan kayan tarihi na ƙasar, yana ta tara sa hannun jama'a kan a dawo da Rosetta da Nefertiti.

Kuma ana mayarwa in an so. A 2022 Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar tagullar Benin fiye da 1,000 da ke gidajen tarihinta, amma Nefertiti har yau tana Berlin.