Ta yaya ake ƙirga masu yi wa kansu allurar ƙwaya?

(Laccar da aka gabatar wa ɗaliban kiwon lafiyar al'umma a Zariya, an rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, barkanmu da war haka.

A farkon 2019 aka fitar da rahoton binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da CRISA, wata cibiyar bincike kan shaye-shaye, suka gudanar tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Rahoton ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda kafin binciken, ban da giya da taba. Wannan adadin kowa ya haddace shi. Wanda nake so mu tsaya a kai shi ne ɗan ƙaramin: mutum 80,000 masu yi wa kansu allura, galibinsu da magungunan kashe ciwo na asibiti, sai hodar iblis da hiroyin.

Ku ɗauko biro. Mutum 80,000 cikin kusan miliyan ɗari 'yan shekara 15 zuwa 64 bai kai ɗaya cikin dubu ba. Binciken gida-gida na wancan aikin ya tambayi mutum 38,850. Ke nan ko da kowa ya faɗi gaskiya, masu allura talatin da 'yan kai za a tarar. Goma su yi shiru, kashi ɗaya cikin uku na adadin ƙasa ya ɓace. A raba talatin ɗin ga jihohi 36 da Abuja, me Kaduna za ta samu? Shi ya sa duk wanda ya kawo muku adadin masu allura na jiha ɗaya daga binciken gida-gida kaɗai, ku tambaye shi mutum nawa ya gani da idonsa.

Kuma za su yi shirun. Ku tuna yadda ake wannan aiki a nan. Mai tambaya ya yi sallama a zaure a cikin Birni ko Tudun Wada, an shimfiɗa masa tabarma, maigida yana gefe yana jan carbi, sai a ce wa saurayi, "Ka taɓa yi wa kanka allura?" Haba jama'a! Abu ne da doka ta hana, NDLEA na kama mutum a kansa, ga zancen aure a gaba. Mace kuwa abin ya fi tsanani, domin sau da yawa ba a ma kai gare ta sai da izini. A Amurka, a bincikensu na shekara-shekara, ana miƙa wa mutum kwamfuta ya sa abin sauraro a kunne ya amsa shi kaɗai. Hakan na rage kunya, amma bai magance babbar matsalar ba.

Babbar matsalar ita ce wanda abin ya ci ƙarfinsa ba ya gida. Yana tasha, yana kango, yana gidan gyaran hali, ko iyaye sun kai shi gidan mari. Jerin gidajen da ake zaɓen mutane daga ciki bai san da waɗannan wurare ba.

To ina mafita? Masu binciken 2018 sun san da wannan, shi ya sa suka yi wani bincike daban suka zanta da mutum 9,344 waɗanda ƙwaya ta kama sosai, a inda suke. Irin wannan shi ke ba da damar lissafin ninkawa. Misali nake bayarwa, ba adadin gaske ba: a ce wani asibiti ya karɓi masu allura 200 a shekara, sannan cikin waɗanda aka zanta da su a waje ɗaya cikin goma ya ce ya je asibitin. Ka ninka 200 sau goma, ka sami 2,000. Sai dai in rajistar asibitin ba ta da kyau, lissafin ma ya lalace. Akwai kuma hanyar da mai allura ke kawo abokansa, su ma su kawo nasu, wadda wani masani ɗan Amurka, Douglas Heckathorn, ya tsara a 1997. Wata dabarar da nake ganin ta dace da mu ita ce a daina tambayar mutum game da kansa, a ce masa, "Cikin mutanen da ka sani, nawa ke yi?" Bahaushe ya fi sakin baki a kan maƙwabci.

Wani zai ce wahalar me ake sha a kan mutanen da ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Sirinji ɗaya da mutum uku suka yi amfani da shi yana yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta, daga nan cutar ta shiga ɗakin matar da ba ta san komai ba. Kuma da wannan adadi ake yanke yawan kayan gwaji da gadajen jinya da ma'aikatan da za a turo mana. Don haka idan kun ga adadin yankinmu ya yi ƙasa da na wani yanki, kada ku yi saurin murna, ku fara duba a ina aka yi tambayar, kuma wa ke zaune a wurin.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, malama.