Me Ke Sa Malami Ya Ɗaga Hannu A Taro?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san wannan shirun. Shugaban makaranta ya gama bayani, ya ce, "To, akwai mai magana?" Kowa ya sunkuyar da kai yana juya biro. Ana fitowa kuwa ɗakin malamai ya kaure da ƙorafi: sabon jadawali ya danne lissafi, littafin da aka kawo ya fi ƙarfin 'yan aji uku.

Duk da haka akan sami mai ɗaga hannu, kuma yawanci ɗalibi ne silar. Malamar da ta lura wani yaro yana kwafe allo tsaf, da rubutu mai kyau, amma ko kalma ɗaya bai iya karantawa a cikin abin da ya kwafa, ita ce za ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, tsarin nan yana barin yara a baya." Abin da idonta ya gani ne ya hana ta sakat.

Sai dai kafin ya buɗe baki, malami yakan tambayi kansa ko maganar za ta jawo masa bakin jini. A shekarun 1990, Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci, ta tarar ma'aikatan jinyar da ke da shugabanni nagari su ne suka fi kai rahoton kurakurai, domin ba sa fargabar a ci musu mutunci. Haka abin yake a makaranta. Inda aka taɓa dizga malami ɗaya a gaban jama'a, sauran sun ɗauki darasi, musamman sababbin ɗauka da na wucin gadi.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya yi magana har ya gaji. Ba a tsawata masa ba, an ma ce an gode, amma shiru kake ji. Irin wannan yakan ja bakinsa, daga baya ya ajiye alli. A 2024 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar malamai miliyan 44 kafin 2030, fiye da rabinsu don maye gurbin masu barin aikin. Albashi na cikin dalilai, ba shakka, amma rashin jin ta bakinsu ma yana ciki.

Tun ranar 5 ga Oktoba, 1966, UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka amince cewa a dama da malamai wajen zaɓen littattafai da dabarun koyarwa. Saura shugabannin makarantu. A taro na gaba, shugaba ya fara da cewa, "Maganar da Malama ta kawo, ga abin da muka yi a kai, ga kuma wanda ya gagara da dalilinsa," kafin ya tambaya ko akwai mai magana.