Hoton Huhu Da Iskar Zenon

Assalamu alaikum. Ina gaishe da malamai da ɗalibai da sauran 'yan'uwa da suka halarta.

Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ruwan jikin mutum take gani, wato ƙwayoyin haidirojin da ke cikinsa. Shi ya sa take fito da ƙwaƙwalwa da gwiwa tar. To amma huhu galibinsa iska ne, ruwansa kaɗan, sai ya fito baƙi ƙirin a hoton. Masana suka ce, to me zai hana a sa ita iskar ta haska da kanta?

Ga yadda ake yi. Ana ɗaukar wata iskar gas mai suna zenon-129 a zuba ta cikin kwalba tare da tururin wani ƙarfe mai suna rubidiyom, a haska su da leza. Hasken ya jera ƙwayoyin rubidiyom su fuskanci gefe guda, su kuma idan suka gogi na zenon sai su miƙa musu wannan tsari, kamar yadda masallata ke daidaita sahu kowa yana duban na kusa da shi. Da haka siginar iskar kan ninka sau dubun dubata. Sai a juye ta a jakar roba, abin da bai wuce lita ɗaya ba, majiyyaci ya shaƙa, ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10 zuwa 15. Dole a yi sauri, domin iskar oksijin da ke cikin huhu tana warware jerin cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

A 1994 masana na jami'o'in Princeton da Stony Brook a Amurka suka fara nuna hoton huhun ɓera ta wannan hanya. Daga baya aka raja'a kan wata iskar gas ɗin, hiliyom-3, har ta yi ƙaranci da tsada, saboda ana samunta ne daga sinadarin makaman nukiliya, kuma jami'an tsaro suka shiga neman ta don na'urorin bincike a kan iyakoki. Aka dawo wa zenon. A Disambar 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita da sunan Xenoview.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne abin ya fi taɓa ni. Zenon ba ta tsayawa a ƙananan buhunan iska na huhu kawai, tana narkewa ta ratsa bangonsu ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, kuma a kowane mataki siginarta daban ce. Ke nan likita zai ga inda iska ta isa, inda ta maƙale a bango, da inda ta kai ga jini. Bayan korona, masu bincike a Oxford da Sheffield ta Ingila sun gwada mutanen da ke fama da haki wata da watanni alhali hoton CT, wanda ake ɗauka da hasken X-ray, ya ce huhunsu lafiya lau. Zenon ta nuna a wasunsu iskar ba ta shiga jini yadda ya kamata. Wanda aka daɗe ana ce masa ba a ga komai ba, ku yi tunanin abin da wannan sakamako yake nufi gare shi.

Babu tiririn X-ray da ke cikin hoton CT a nan, don haka ana iya maimaita wa mai asma gwajin don a ga ko magani na aiki. Wanda ya shaƙa kan ji ɗan jiri, muryarsa ta yi kauri, cikin mintuna ya wuce. Matsalar ita ce kuɗi: injin shirya iskar daban ake sayensa, sannan sai an gyara na'urar MRI ta iya jin siginar zenon, shi ya sa har yau cibiyoyi ƙalilan ne ke yinsa.