Dokar 1901 Ba Ta 'Yanta Bayi Ba: Yadda Bauta Ta Kai 1936 a Arewa

[Hoto: ganuwar Kano, sai tsohon hoton kasuwar Kurmi]

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana biyun nan ana ta ja-in-ja a Facebook kan wata magana: wai ranar da Turawa suka ci Kano, ranar aka kwance wa bayi mari, kowa ya kama gabansa. Wasu ma har shekarar suke kawowa, su ce ai akwai dokar 1901. Dokar kam akwai ta. Abin da ta ce ne mutane ba su karanta ba, kuma a kansa za mu zauna yau.

Bari mu ɗan koma baya a gurguje. A ƙarshen ƙarni na 19, masana tarihi sun ƙiyasta bayin da ke cikin Daular Sakkwato tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Yaƙi ke kawo su, da hari, da satar mutane a hanyar gona ko rafi. Wasu a kai su rinji, wato ƙauyen bayi na gandu, su yi noma, wasu marina, wasu su bi ayari, wasu a keta Sahara da su zuwa Tarabulus. Akwai kuma bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, waɗanda ikonsu ya fi na 'ya'ya da yawa, wato waɗanda ba bayi ba.

Kada kuma a ɗauka sai da Bature ya zo zukata suka fara damuwa da abin. Tun 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya ba da fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba. Shehu Usmanu ma cikin laifukan da ya kama sarakunan zamaninsa da su akwai sayar da 'ya'ya a matsayin bayi. Sai dai muhawarar tasu a kan wa ya halatta a kama ne, ba a kan kamun kansa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma tamu ce.

[Hoto: Lugga, tutar Ingila a Lakwaja]

Ranar 1 ga Janairu 1900, Lugga, Baturen da Ingila ta ɗora kan mulkin Arewa, ya ɗaga tuta a Lakwaja. Babbar hujjar da yake bai wa mutanen Ingila ita ce zai kawo ƙarshen harin bayi. A 1901 ya fitar da dokar, alhali Kano ba ta faɗi ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato kuma Maris.

To, ga wurin. A saurara da kyau.

Dokar ta haramta harin bayi da cinikinsu. Ta kuma ce kotun gwamnati ba ta san wani abu wai shi bawa ba. Nan ne ake zamewa. Cewa kotu ba ta san bauta ba daban, cewa an 'yanta bayi daban. Ma'anarta, idan ubangida ya je gaban Bature ya ce bawana ya gudu a kamo mini shi, a takarda ba shi da ƙara. Amma mallakar bawan da ke hannunka tun da, ba laifi ba ce. Ba wanda ya shiga rinji ya yi shela cewa ku tashi kun zama 'ya'ya. Gari ya waye, wanda ke fita gandu jiya, yau ma ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Kotun alƙali kuwa, wadda ita ce kotun da talaka ya sani, ta ci gaba da sauraron shari'ar bayi.

Sai ɗayan sashen: duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, ɗa ne. Ku ɗauka ga baiwa a wani rinji a ƙasar Zazzau. Ta haihu a watan Maris na 1901, ta yaye, ta sake haihuwa bayan shekara biyu. Uwa ɗaya, uba ɗaya, akushi ɗaya suke sa wa hannu. Wan bacucane ne, dukiyar ubangida. Ƙanen ɗa ne. Kuma a ƙauyen da ba takardar haihuwa, wa zai tsaya wa yaro ya rantse cewa bayan Afrilu aka haife shi, in ubangida ya ce kafin ne?

Abin da aka shirya ke nan: a toshe mashigar, a bar na ciki su ƙare da kansu, ko ta mutuwa ko ta fansa.

Me ya sa? Turawan ba su da yawa, da hannun sarakuna za su yi mulki, arzikin sarakuna da attajirai kuwa a gandaye yake. Lugga na tsoron gonaki su zama kufai, abinci ya yanke, masu sarauta su juya masa baya. Ga kuma batun kuɗi. Da Ingila ta soke bauta a yankunanta da dokar 1833, fam miliyan 20 ta ware ta biya masu bayi diyya. A nan ba ta da niyyar fitar da ko anini. To wa zai biya ubangida? Bawan da kansa.

[Hoto: wuri a ƙwarya, sai sulalla]

Nan murgu ya shigo. Murgu tsohuwar al'ada ce: ubangida ya saki bawa ya je ya yi sana'arsa, dako ko saƙa ko kiwo, yana kawo masa wani abu da aka yanka a kai a kai. A lura, murgu ba ya rage komai daga kuɗin fansa. Kuɗin izinin yin aiki ne kawai. Fansar kai lissafinta daban. Abin da Turawa suka yi shi ne suka tura maganar gaban alƙali: a yanka wa bawa farashinsa, ya yi ta biya, ran da ya cika a ba shi takarda. Ku dubi wuyan mutum ɗaya: ga hakkin ubangida, ga tarin kuɗin fansa, ga harajin gwamnati, ga bakin iyali. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kuɗi, da yawa da ita suka sayi kansu, buhu bayan buhu. Ni dai duk lokacin da na ga hoton dalar gyaɗa, wannan ma yana faɗo mini.

Ba kowa ne ya tsaya jiran alƙali ba. An ƙiyasta kimanin mutum 200,000 sun gudu a shekarun da ake cin ƙasar. Gwamnati ba ta yi murna da su ba: a hana su gona, a kira su 'yan zaman banza, a lallashe su su koma. A Satiru, kusa da Sakkwato, cikin waɗanda suka yi bore a 1906 akwai gudaddun bayi da yawa, kuma an shafe garin.

[Hoto: zaure, ƙofar cikin gida]

Mata su suka fi shan wuya. Ƙwarƙwara ko sa-ɗaka, sai aka ce ai wannan maganar aure ce, ba ta bauta ba, aka kau da kai. Sau da yawa kuma wanda ya kawo kuɗin fansar baiwa gaban alƙali, namiji ne da ke son kai ta gidansa. A takarda an 'yanta ta. Ita kuwa daga wannan ɗaki aka mai da ta wancan.

Sauran tarihin gajere ne. A 1926 aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta yaƙi da bauta, idon ƙasashe ya dawo kan Ingila, tambayoyi suka yi yawa. Sai a 1936 aka yi dokar da ta ce kowa a Arewacin Nijeriya ɗa ne.

Wancan yaron na rinjin Zazzau, wanda aka haifa a watan Maris, in bai gudu ba, bai fanshi kansa ba, kuma Allah Ya ja kwanansa, a shekarar yana da 35, da mata da 'ya'ya, 'ya'yan nasa duk 'yantattu tun ran suna.