Na naɗe manifol ɗin motata, yau kuma zan kwance shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. A gareji nake, don sanyin waje yau ba ya barin mutum ya tsaya.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan abin kamar bandeji da ya zagaye manifol, wato bututun da ke karɓar hayaƙi daga injin kafin ya wuce salansa? Da zaren gilashi ake saƙa shi, wani kuma da dutsen aman wuta. Idan aka taka mota sosai, hayaƙin injin fetur yakan haura digiri 800 a ma'aunin Celsius, aikin naɗin kuwa shi ne ya tsare zafin nan cikin bututu.

Gaskiya ya yi aikinsa. A da in na ɗaga bonet sai hucin ya dake ni a fuska, yanzu ya ragu ƙwarai. Wayoyi da tiyo da sitata sun samu sa'ida. Hayaƙi mai zafi ya fi saurin fita, shi ya sa masu turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta ƙara tura wa injin iska, ke son naɗin. Amma ni dai ban ji wani ƙarin ƙarfi a ƙafata ba, kada in yaudare ku.

To ga inda gizo ke saƙar. Naɗin nan yana shan ruwa, ya riƙe danshi a jikin ƙarfe. Nan ƙasar kuma gishiri ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Ku duba nan da na ɗaga gefe, kun ga tsatsa? Cin ƙarfen take yi a ɓoye, ni ina ganin komai lafiya. Zafin da aka tsare ma ƙarfen ne ke shan sa, ya yi ja, ya huce, ya sake ja, har ya tsage. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke soke garanti da zarar ka naɗe. In kuma baƙin mai ya ɗiga ya jiƙa shi, gobara na iya tashi.

Mai motar tsere yana kwancewa yana dubawa. Tawa kuwa ta zuwa aiki ce, farantin kare zafi da ta zo da shi zan mayar.

Af, ku sa safar hannu, ƙaiƙayin zaren nan sai wanda ya taɓa. Bari in ɗauko almakashi.