Ƙarfe biyu na dare, ni da ƙwayoyin jikin ɓera

Assalamu alaikum mutanen Sakkwato. Nan Ingila ƙarfe biyu na dare, ku can uku ta yi, sanyi kuwa ya fi na hunturun gida. Ku matso ku ga akwatin nan na ɗakin bincikenmu. Ɗuminsa digiri 37, daidai da jikin mutum, ciki duhu ne ƙirin. Faranten da ke ciki ƙwayoyin jikin ɓera ne muke rainonsu har su fara tara kitse.

Ba su taɓa ganin rana ba, ba su jin kiran sallar asuba, amma sun san lokaci. Wallahi har yau abin yana sa ni tasbihi. A 1998, a ɗakin binciken Ueli Schibler da ke Geneva, aka jiƙa irin waɗannan ƙwayoyi da ruwan jinin doki na awa biyu, sai agogonsu ya daidaita, suka riƙa zagayen kusan awa 24 tare. Sunadarai biyu, CLOCK da BMAL1, su ke kunna aikin agogon. Wasu sunadaran biyu, PER da CRY, su taru a hankali su kashe shi, in sun narke a sake daga farko. Kan gano wannan tsari a jikin ƙuda masana uku, Hall da Rosbash da Young, suka karɓi kyautar Nobel a 2017.

To ina kitse ya shigo? Nan ne aikina. In aka toshe BMAL1, yadda ƙwayar ke tara maiƙo sai ya rikice. Kuma tun 2005 aka ga ɓerayen da CLOCK ɗinsu ya lalace suna ci ba dare ba rana, suna yin ƙiba.

Inna, wannan naki ne. Kin tambaye ni dalilin da likita ya ce ki sha simvastatin, maganin rage kolestarol (wani nau'in maiƙo a jini), da daddare. Hanta ta fi sarrafa kolestarol cikin dare, maganin kuma ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake son su haɗu. Don Allah kar ki mayar da shi safe. Yaya kuma, da ke kwana kan hanyar Illela yana cin balangu ƙarfe ɗaya, kai nake tunawa duk lokacin da na buɗe akwatin nan.

Bayan kowace awa huɗu nake ɗiban samfur, har kwana biyu. Ga ƙararrawa ta buga, bari in sa safar hannu.